Darasin ninkaya a otal: malamin farko ya iya aikinsa, sauran sai haƙuri

Kuɗin darasin ninkaya na manya a wani otal na Kano ba kaɗan ba ne, kamar yadda duk wanda ya taɓa tambaya ya sani, amma malamin da aka fara haɗa ni da shi ya ci halaliyarsa. Na iya iyo irin na kududdufi tun ina yaro, kai a sama, hannuwa na dukan ruwa, sai dai tsawon mita 25 ya isa ya sa in kama gefe ina haki.

Da ya ga yadda nake yi, sai ya ce iskar da nake shaƙa ta wadatar, riƙe ta da nake yi ne ke wahalar da ni. Ya bayyana mini cewa ƙuncin da mutum ke ji a ƙirji yawanci daga taruwar iskar kabon dayoksaid, wato iskar da jiki ke fitarwa idan mutum ya saki numfashi, yake zuwa, kuma wanda ya riƙe numfashi a cikin ruwa dole ya fitar sannan ya shaƙa a ɗan lokacin da bakinsa ke waje, lokacin da ba ya isa ga abu biyu. Ya tsayar da ni inda ruwa bai wuce ƙirji ba, na dafa gefe, na nutsar da fuska ina sakin iska ta hanci a hankali har kumfa na tashi ta gefen kunnuwana, ruwa kuma ya daina shiga hancina. Bayan haka ya hana ni ɗaga kai, domin da zarar kai ya tashi ƙugu da ƙafafu sai su nutse. Juyawa kawai ake yi tare da kafaɗa, ido ɗaya na tabarau yana cikin ruwa, baki ya sami iska a ɗan kwarin da tafiyar kai ke buɗewa a gefen kunci. Ban daɗe ba na fara shaƙa bayan kowane bugun hannu uku, dama da hagu, ina zuwa ina dawowa ba tare da na tsaya ba.

Da a nan aka tsaya, da yabo kawai zan rubuta. Sai aka canza malamin ba tare da an sanar da kowa ba, aka kawo wani matashi da ya fi kula da wayarsa. Na gan shi yana kallon yara suna jan dogayen numfashi da sauri kafin su yi gasar wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, alhali wannan jan numfashin yana rage kabon dayoksaid ɗin da ke tilasta wa mutum fitowa, har ya iya suma a ƙasa babu wanda ya lura. Na yi wa manaja magana, ya ce za a duba. Ga warin sinadarin kulorin da ke sa tari da yamma idan jama'a sun cika, ga ruwan da ba a ɗumamawa da hunturu. Sauran kuɗina da na nemi a mayar mini kuwa, har yau ana cewa in dawo mako mai zuwa.