Shagon littattafan da ke gefen cocinmu

Jiya bayan sujada na leƙa ɗan shagon littattafan nan na gefen coci neman abin karantawa kan Bishop Samuel Ajayi Crowther, don yarana na makarantar Lahadi sun dame ni da tambaya. Gaskiya Baban da ke tsare shagon ya burge ni, da na ce Crowther sai ya jawo mini kujera ya fara ba ni labari tun daga yadda aka kama shi bawa yana yaro a garin Osogun na ƙasar Yarabawa, sojojin ruwan Ingila suka kuɓutar da shi a 1822 suka kai shi Saliyo, ya yi karatu a kwalejin Fourah Bay da ke can, har aka naɗa shi bishop a Canterbury ta Ingila a 1864, bishop baƙar fata na farko a cocin Anglican. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tafiyarsa kogin Neja a 1841 tare da Schön, mutumin nan da ya duƙufa kan koyon Hausa. Kai, na ji tsigar jikina ta tashi!

Littafin da na saya takardarsa mai kyau ce, kuɗin ma ba laifi. Matsala ɗaya dai, duk na Turanci ne, na Hausa sai Littafi Mai Tsarki da na waƙoƙi, to iyayenmu mata fa? Na ce Baba don Allah a samo mana na Hausa, ya ce in dawo ƙarshen wata. Zan koma kuwa.