Nasco Cornflakes wurin gasa wa yara kukis a gida, ga abin da na gani

Assalamu alaikum matan gida. Masu tambayata wane konfleks nake sawa a kukis ɗin da muke yi da yara ranar Asabar, to Nasco ne, kuma ba talla nake musu ba, da kuɗina nake saye a babbar kasuwar Birnin Kebbi, in ban samu shiga kasuwa ba in aika wani shago nan Badariya. Kamfanin a Jos yake tun 1963, yawancinmu da shi muka tashi, amma shan shi da madara daban, gashi da shi kuma daban, kuma a wurin gashin ne ni ya fi burge ni.

Abin da wasu ba su so game da shi shi ne ni nake nema. Za ki ji ana cewa ai yana da tauri, sai ya ɗan jima cikin madara kafin ya yi laushi. To wanga taurin fa shi ne rufin asirin mai gashi. Kwaɓin kukis akwai bota akwai ƙwai, duk danshi ne, in konfleks ɗin mai siriri ne kafin yara su gama wasa da kwaɓin su mulmula ya riga ya tsotse danshi ya saki, ki gasa ki fitar ki ji babu wannan ƙurus ƙurus ɗin, sai dai biskit kawai. Kuma kun san aiki da yara ba sauri ake ba, wannan ya ce shi zai zuba wannan ta ce ba ta yarda ba, kwaɓi na zaune yana jira. Nasco yana jure wannan jiran, shi ne babban dalilina.

Ga yadda muke yi, da gwangwanin madara nake awo don ba kowa ke da sikeli ba. Bota kamar giram 125, wato rabin Simas ta leda, suga rabin gwangwani ko ƙasa da haka ma don ni ina ragewa, ƙwai 1, fulawa gwangwani 1 da ɗan ƙari, bekin hoda ƙaramin cokali 1, sai konfleks gwangwani 3, biyu a cikin kwaɓi ɗaya na birgima. Filebo in kina da shi, in babu ba dole. A buga bota da suga da muciya har ta yi haske, a fasa ƙwai a juya, a zuba fulawa da bekin hoda, konfleks shi ne ƙarshe kuma a hankali ake juya shi kar ya zama gari.

Rabon aiki kuwa, babbar tawa mai shekara bakwai ita ke awo da buga bota, autan mai shekara uku aikinsa ɗaya ne kuma ba ya bari kowa ya taɓa masa, in zuba konfleks a leda mai kauri in ɗaure baki in shimfiɗa masa tabarma, ya zauna ya miƙe ƙafa yana dannawa da tafin hannu, yana jin ƙarar yana dariya yana cewa Umma ji, Umma ji. Da na ga ya fara yi masa dukan sakwara sai in karɓe, don ɓarzawa ake so ba niƙa ba. Daga nan kowa ya ɗebi kwaɓi da cokali, ya mulmula, ya birgima shi cikin ɓarzajjen konfleks ɗin ya jera a tire. Wasu za su fito manya wasu ƙanana wasu ma ba su da siffa, ki bar su haka don Allah kar ki bi kina gyarawa, yaro yana gane nasa in an fito da tire kuma shi zai fara ɗauka. Abin da nake yi kawai in ware manyan gefe guda don sun fi daɗewa a wuta.

Mai oben ta sa digiri 170 zuwa 180, minti 12 zuwa 15. Ki tuna konfleks masara ce da aka riga aka dafa aka latse aka gasa tun a kamfani, wannan gashi na biyu ne kike masa, shi ya sa na waje yake saurin ƙonewa in wuta ta yi yawa, ciki bai nuna ba waje ya yi baƙi ya yi ɗaci. Da gefensa ya fara ja kaɗan ki fitar, zai yi kamar bai yi ba don da laushinsa yake fitowa, sai ya huce yake ƙarfi. Wadda ba ta da oben ko wuta ta ɗauke, tukunya da yashi ta wadatar wallahi, mu ma sau da yawa haka muke yi. Ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya ki rufe ya yi zafi kamar minti 10, ki ɗora murfin gwangwani ko ƙaramin ƙarfe a kan yashin sannan tire, kar tire ya zauna kan yashi kai tsaye. In kurfoti ne ki rage garwashin ƙasa ki ɗebo kaɗan ki sa kan murfi. Wannan matakin yara ba su da hurumi a ciki, ni ina ja musu layi a ƙasa in ce ba mai tsallakewa sai tukunya ta sauka.

Akwai mai zuma kuma wanda ya fi sauƙi, babu fulawa babu ƙwai. Bota cokali 3, suga cokali 2, zuma cokali 2, a narka a tukunya, a sauke a zuba konfleks gwangwani 4 a juya, ya ɗan sha iska yara su zuzzuba a takardar kek, a gasa minti 10 da wuta kaɗan. In kin barbaɗa soyayyen riɗi a kai ƙamshin har maƙwabta. Sai dai jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko ta gasu, wannan likitoci sun daɗe suna faɗa, haka gyaɗa guda guda ga ƙananan yara tana iya shaƙe su, in za ki sa ki daka ta. Kwaɓi mai ɗanyen ƙwai shi ma a hana su lasa, sai kin sa ido sosai don da kin juya baya yatsa na baki.

Na cakulan da ake gani a bidiyo wanda ake narkawa a sa a firij, gaskiya a garin nan sai da hunturu. Cakulan kafin zafi ya kai digiri 35 ya fara sakin jiki, mu kuwa watan Afrilu muna haura 40, kafin yaro ya kai baki ya narke masa a hannu da riga. In sun matsa sai mai cakulan, in sa Milo cokali 2 cikin fulawar kukis ɗin in ƙara rage suga. Mai mashmalo kuwa, alewar nan mai laushi kamar soso, ban yi, sai in na karanta kwalin na tabbatar jelatin ɗin ciki, wanda ake samu daga ƙashi ko fatar dabba, halal ne.

Na gwada Golden Morn a wannan aikin, shi garin masara da waken suya ne, yana shiga cikin kwaɓi ya ba da ɗanɗano mai daɗi in kin rage fulawa kin maye da shi, amma ba zai tsaya miki a matsayin konfleks ba, aikinsu daban. Kwaka ot shi ma yana yi, sai dai yarana ba su cika son shi ba.

Kuɗi kam kaya sun yi tsada kowa ya sani, ba zan rubuta farashi ba don kafin ki karanta ya canza. Ni dai babban nake saye in raba biyu, rabi na karin safe rabi na gashi, ya fi min sauƙi a kan sayen ƙanana. Ɗan garin da ke taruwa a ƙasan leda kar ki zubar, shi ma yana da amfani wurin birgima. Da kin buɗe ki juye a roba mai murfi musamman da damina, kowane irin konfleks ne in ya sha iska sanyi yake yi, in ya riga ya yi ki baza a tire ki ɗan ɗumama shi minti 5 zai dawo. Kukis ɗin ma sai sun huce sarai za ki rufe su, in kika rufe da ɗumi gumi za su yi. A roba mai kyau suna kai kwana 4 zuwa 5, ki riƙa sa musu biyu biyu a kwandon makaranta da na Islamiyya.