Wata takwas ina yawo da fawa banki mai 20,000mAh

Aikina tattara bayanai ne a ƙauyuka. Mukan bar Kano da asuba mu nufi wajajen Ringim, Gumel ko Haɗeja, wani lokaci sai mun kwana biyu ko uku kafin mu dawo. Komai a cikin waya yake: tambayoyin da za a yi wa magidanta, hotuna, da alamar wurin da GPS ke ɗauka a ƙofar kowane gida. Waya ta mutu da azahar, aikin ranar ya mutu ke nan, domin ba a karɓar rubutun takarda.

Na fara sayen wani fawa banki a hannun mai talla a tasha. An rubuta 50,000mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) ɓaro-ɓaro a jikinsa, ga fitila, ga ɗan faifan sola a baya, amma in ka ɗauke shi sakayau kamar fanko. Da ƙyar yake cika wayata sau ɗaya. Bayan wata biyu cikinsa ya kumbura har murfin ya fara ɗagewa ta gefe, na daina kwana da shi a ɗaki. Batir nauyi gare shi, duk wanda ya miƙa maka abu marar nauyi ya ce dubu hamsin ne, mayar masa da kayansa.

Wannan na yanzu a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na saye shi, a shago, da rasit. Kuɗin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Baƙi ne, kaurinsa kamar an ɗora wayoyi uku, nauyinsa ya doshi rabin kilo. Yana da kafofi uku, biyu na USB irin na da, ɗaya Type-C wadda ta nan yake shan caji, ta nan kuma yake bayarwa. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ɗan allon da ke nuna lamba. Masu ɗigon fitila huɗu ba sa gaya maka gaskiya sosai, ɗigo biyu zai iya zama rabi, zai iya zama ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wannan kuwa in ya ce 37, na san ko zan kai magariba ko ba zan kai ba.

Ga inda mutane da yawa ke jin an cuce su. Wayata batirinta 5,000mAh ne, don haka na ɗauka zan samu caji huɗu cif. Ban taɓa samu ba. Uku nake samu idan wayar tana ajiye, biyu da rabi idan ina aiki da ita tana caji. Da farko na zaci matsala ce, sai wani abokin aikina da ya karanci lantarki ya zaunar da ni. Wannan 20,000 ɗin ana ƙirga shi ne a kan bolt 3.7 na batiran da ke ciki, wato 74Wh (ma'aunin jimillar wutar da ke cikinsa), kuma ana rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a bayan na'urar. Kafin wutar ta shiga waya sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, wayar kuma ta sake sauke ta, a kowane mataki wani abu na tafiya a zafi. Ɗumin da kake ji a tafin hannunka cajin ne ke zurarewa. Tun da na gane haka hankalina ya kwanta.

Cika shi kuwa wani aiki ne. Da tsohon kan cajar da nake da shi sai ya kwana ya wuni bai cika ba, ga wutarmu da ba ta zama. Sai da na sayi kan caja mai wat 20 da igiyar Type-C mai kauri, yanzu cikin awa biyar ya gama. Wanda zai saya ya sa kuɗin waɗannan biyun a lissafi tun farko. Igiyar ma ina ɗaukar gajera, kamar taki ɗaya, don doguwa tana sarƙewa a jaka, bakinta ya yi ta lanƙwasa har ya karye.

Zafi ne babban abokin gabarsa. Wata rana a watan Afrilu na manta shi a gaban mota muka shiga gidaje, da na dawo ko taɓa shi ban iya yi ba, ya kuma ƙi ba da caji sai da ya huce a inuwa. Na ji daɗin wannan ƙin, domin alama ce yana kare kansa. Tun daga ranar a cikin jaka yake zama, a ƙasan kujera.

Abu ɗaya da har yanzu yake ba ni haushi: in na sa ƙaramin abu kamar abin sauraro na kunne, sai ya kashe kansa bayan ɗan lokaci, don wutar da abin ke ja ta yi kaɗan har yana ɗauka ba a sa komai ba. Sai an danna maɓallin sau biyu. Na yi wata uku kafin in gano, takardar da ke cikin kwalin ba ta fayyace ba. Nauyin ma yana yaga aljihun riga.

Na hau jirgi da shi sau ɗaya daga filin Malam Aminu Kano zuwa Legas. Ba a sa fawa banki a akwatin da za a auna, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma wanda bai wuce 100Wh ba shi ne ba ya buƙatar izinin kamfanin jirgi. Nawa 74 ne, na nuna rubutun baya na wuce.

A wani ƙauye bayan Gumel, mai unguwa ya ga igiya ta fito daga jakata ya ce, "Malam, ko za ka ɗan sa mini tawa? Kwana biyu ke nan mai caji bai tayar da inji ba, ɗana kuma yana kira daga Fatakwal." Na ce, "Ranka ya daɗe, kawo ta." 'Yar ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Muna zaune a kan tabarma muna cike tambayoyi ta cika, lambar allon ta sauka daga 61 zuwa 55. Kafin mu tashi kiran ya shigo, ya miƙe ya koma gindin darbejiya inda sabis ya fi ƙarfi.