Hotdog da donat a New York: ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Wanda ya ware yini guda don yawon ciye-ciye a New York, cikinsa ba zai ɗauki komai da komai ba, aljihunsa ma haka. Shawarata ita ce ka ci hotdog mai araha, ka adana kuɗinka da ƙarfin ƙafarka don donat.

Hotdog dai sosej ne a cikin dogon burodi, kuma a wannan birni iri uku za ka tarar. Akwai na masu amalanke a bakin titi, galibi na kamfanin Sabrett, wanda ake tsamowa daga ruwan zafi a zuba masa mustad da albasa da aka dafa cikin miyar tumatir. Maganin yunwa ne, ba abin da za a yi tattaki dominsa ba. Sai na tsofaffin shaguna. Nathan's da ke Coney Island tun 1916 yake nan, lokacin da Nathan Handwerker ke sayar da guda a kan senti 5, amma daga tsakiyar Manhattan za ka yi kusan awa guda a jirgin ƙasa kafin ka isa. Gray's Papaya, a mahaɗar Broadway da titi na 72, ya fi kusa. Ana gasa sosej ɗin a kan faranti har fatarsa ta riƙa ƙas a baki, a haɗa maka biyu da lemon gwanda, ka ci a tsaye ka wuce. Ni nan nake tura baƙo.

Na ukun shi ne na 'yan gayu, irin na Crif Dogs a East Village, inda ake soya sosej a mai a lafta masa kayan haɗi iri-iri. A nan Musulmi ya buɗe ido da kyau, domin da yawa daga cikinsu ana naɗe su da naman alade, sosej ɗin gidan ma haɗin naman shanu da na alade ne. Ko ba don haka ba, idan kayan haɗi suka yi yawa ɗanɗanon naman ɓacewa yake yi, ka biya kuɗi mai yawa ka ci miya.

Kada rubutun "naman shanu zalla" ya ruɗe ka. Yana nufin babu alade a cikin naman, bai ce an yi yanka irin na Musulunci ba. Ka kuma tambayi fatar da aka ɗura naman a ciki, don wasu kamfanoni da hanjin tunkiya suke yi, wasu da na alade. Mai son kwanciyar hankali ya nemi amalanken da ke da alamar halal, suna da yawa a Manhattan. Su kansu The Halal Guys, shahararrun masu sayar da abincin halal a birnin, da hotdog suka fara a 1990 kafin su koma shinkafa da kaza.

Donat kuwa, a nan ne bambancin farashi yake da dalili. Iri biyu ne tun daga kwaɓi: mai yis, wanda ke tashi ya yi laushi kamar fanke, da mai bakar hoda, wanda ya fi nauyi da cika ciki. Peter Pan da ke Greenpoint a Brooklyn tsohon shago ne mai sauƙin farashi, ba ƙyale-ƙyale, kuma da wuya ka fito kana ƙorafi. Doughnut Plant, wanda Mark Isreal ya fara a 1994, ya yi suna da donat mai kusurwa huɗu da aka zagaye cikinsa da jam, yadda duk inda ka gatsa za ka same shi. Shagon Dough kuma nasa manya ne, guda ɗaya ya ishi mutum biyu, kuma wanda ya fi fice a cikinsu shi ne mai jan zaƙi da aka yi da zoɓo. Tsamin zoɓon ne ke karya zaƙin, shi ya sa ba ya gundura. In guda ɗaya kawai za ka saya a birnin, wannan ne.

Cronut, wato haɗin donat da burodin Faransa da ake kira croissant, na shagon Dominique Ansel a SoHo, wanda ya fito a 2013, yana da daɗi, sai dai ɗanɗano ɗaya ake yi kowane wata, ga tsada ga layi. Mai gajeren lokaci ya haƙura da shi.

Ka fara da donat da safe, tun yana sabo, don zuwa la'asar mai yis ya fara bushewa. Hotdog ya jira azahar. A shagon donat ma ka tambaya ko akwai giya ko gelatin (sinadarin daskarar da abinci da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade) a cikin haɗin zaƙin, kuma duk wanda ka ga an barbaɗa masa jajayen gutsattsarin nama a kai, na alade ne, ka nuna na gefensa.