Sharhi kan takin Flourish Iron da jajayen tsirran tankin kifi

Duk wanda ya dasa jajayen tsirrai a tankin kifi, shawarar farko da zai ji ita ce ya nemi takin ƙarfe. Ni ma ita aka ba ni, na sayi kwalbar Flourish Iron ta kamfanin Seachem na Amurka, mai mililita 250. Yanzu da ta kusa ƙarewa, ra'ayina shi ne takin ya biya kuɗinsa kuma zan sake saye, sai dai aikin da yake yi ba shi ne wanda yawancin masu ba da shawarar suke zato ba.

Tankina na lita 100 ne. A can bayan tankin akwai tsirran Rotala rotundifolia da Ludwigia palustris, a tsakiya Alternanthera reineckii, a gefe kuma jan bado, wanda masu sayarwa ke kira Nymphaea zenkeri. Wannan na ƙarshe ɗan Afirka ta Yamma ne, ɗan'uwan badon da muka sani a tafkunanmu, kuma shi na fi ƙauna a cikinsu saboda ɗige-ɗigen ganyensa.

Abin da ke cikin kwalbar kashi 1 cikin 100 ne na ƙarfe, wato miligiram 10,000 a kowace lita, a siffar da ake kira feros gulukonet. Umarnin jikinta ya ce murfi ɗaya, mililita 5, ga ruwa lita 200. Ni rabin haka nake aunawa da sirinji, na zuba da safe dab da kunna fitila. Bai taɓa canza mini launin ruwa ba, kifaye kuma ko a jikinsu.

Kafin na fara zuba shi, sabon tohon Rotala yana fitowa fari-fari, kamar an wanke shi, alhali tsofaffin ganyen ƙasa suna nan kore shar. Wannan ita ce ainihin alamar ƙarancin ƙarfe. Tsiro ba ya iya ɗauko ƙarfen da ya riga ya ajiye a tsohon ganye ya kai wa sabo, don haka yunwar a kai take fara bayyana. Kuma da ƙarfe ne tsiro ke iya haɗa kulorofil, sinadarin koren ganye. Ba a jima ba tohon ya daina fitowa a koɗe, ganyen ya yi kauri, kan tsiron ya buɗe sosai. A wannan fannin ban da abin cewa sai yabo.

Amma jan da nake nema bai zo ba tukuna. Tsirran sun samu lafiya, launinsu kuwa tsakanin kore da ruwan ƙasa ya tsaya. Dalili shi ne jan yawancin tsirran nan daga wani sinadari daban yake fitowa, antosayanin, wanda shi ne ke ba zoɓo launinsa. Tsiro yana ƙara yin sa ne don kare ganye idan haske ya yi ƙarfi. Shi ya sa za ka ga kan Ludwigia da ya kusa fitila ya yi ja wur, ƙasansa da ke cikin inuwa kuma kore, alhali jijiya ɗaya ce, ruwa ɗaya suke sha. Ko kwalbar gaba ɗaya ka juye, ƙasan nan ba zai yi ja ba.

Launi ya juya ne lokacin da na cire farar fitilar da ta zo da tankin na sa mai ƙarfi, irin mai ƙwayoyin ja da kore da shuɗi. Abu biyu ta yi. Ta sa tsirran sun ƙara yin jan da gaske, sannan haskenta yana fito da jan ga ido fiye da farar fitila. Ina kunna ta awa 7 a rana. Wanda ya ƙara haske bai ƙara iskar CO2 da tsirrai ke haɗa abincinsu da ita ba kuwa, gansakuka ya gayyato, musamman a kan ganyen Alternanthera da ke girma a hankali. Ina riƙe iskar a wajen miligiram 30 a lita, inda ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a gilashi ke nuna kore. A nan ne takin ya sake nuna amfaninsa: da girma ya yi sauri, buƙatar ƙarfe ta ƙaru, in na yi kwanaki ban zuba ba sai na ga toho ya fara koɗewa.

Akwai wata dabara da ake yawan yaɗawa, ta rage naitiret, wani sinadarin abincin tsiro, a ruwa. Gaskiya ce ga Rotala rotundifolia: da naitiret ya sauka ƙasa sosai, korenta ya ja baya, jan ya fito fili. Amma ba kowane tsiro ke jure wannan horon ba. Alternanthera tana son ci, in ka hana ta sai ta tsaya cak, ganyen ƙasa su zube. Ludwigia palustris kuwa ba ta buƙatar a yi mata yunwa kafin ta yi ja. Ni na zaɓi Rotala mai ruwan hoda mai lafiya a kan ja wur a tankin da sauran tsirrai ke wahala. Badon kuma ta jijiya ya fi ci, don haka ƙwayar taki nake cusa masa a cikin ƙasa, ina yanke duk ganyen da ya miƙe zai kai saman ruwa don kada ya rufe wa na ƙasa haske.

Sai batun ruwa, wanda ya kamata a duba kafin a kashe kuɗi. Ƙarfen gulukonet tsiro na sha da sauri, amma ba ya daɗewa a narke. Shi ya sa kaɗan-kaɗan kullum ya fi a zuba da yawa sau ɗaya a mako, kuma in ka auna bayan wasu awanni ka ga babu komai, ba yana nufin takin bai yi aiki ba. A ruwa mai yawan farar ƙasa, kamar na wasu rijiyoyin burtsatse, inda pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya haura 7, ya fi saurin daskarewa ya kwanta. Mai irin wannan ruwan ya duba takin da aka ɗaure ƙarfensa da sinadarin DTPA, wanda ke jurewa har wajen pH 7.5. Kada kuma a zuba shi lokaci guda da takin fosfet, domin suna haɗuwa su zama gari, kowanne ya tashi a banza. Ni na raba musu lokaci, ɗaya da safe, ɗaya da dare.

Zafi ma yana da nasa hukuncin. Tsirran nan sun fi walwala tsakanin digiri 22 zuwa 26. A watannin Afrilu da Mayu, da ruwa ya doshi 30, launi yana dusashewa ko da taki bai yanke ba. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage zafin kaɗan, fitila da matatar ruwa kuma na ɗora su a kan inbata don ɗaukewar wuta kada ta riƙa katse wa tsirran ranarsu.

Wanda ke ganin sabon toho fari ko rawaya, ya sayi wannan taki, zai ga canji, kuma a tankin lita 100 kwalba ɗaya tana kai watanni. Wanda tsirransa ke kore shar lafiya lau yana neman su yi ja, ya fara tara kuɗin fitila da CO2. Wanda kuma bai shirya sayen tukunyar iskar ba, ya dasa Ludwigia palustris da jan bado, su biyun suna yin ja a haske matsakaici, ya bar irin su Rotala macrandra sai kayan aikinsa sun cika.