Sharhi kan Dog Mode na motocin Tesla: amfaninsa ga mai tafiya da kare da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya

Matsalar mai doguwar tafiya da kare a mota tana farawa ne daga lokacin da ya tsaya. Muddin mota tana gudu kuma na'urar sanyaya iska tana aiki, kare yana kwance lafiya a kujerar baya, amma da zarar an ratse a wurin hutawa na babbar hanya irin M1 ko M6 a nan Ingila domin a kewaya, a yi alwala, a yi salla ko a sayi abinci, sai a rasa yadda za a yi da shi, domin manyan kantuna da yawancin wuraren cin abinci ba sa barin kare ya shiga sai dai karen da yake yi wa makaho ko wani mai buƙata ta musamman jagora. Wannan giɓin ne kamfanin Tesla ya nemi cikewa da tsarin da ya kira Dog Mode, wato barin na'urar sanyaya iska tana aiki bayan direba ya fita ya bar kare a ciki, wanda ya aika wa motocinsa ta intanet a watan Fabrairun 2019, bayan da wani mai mota ya ba da shawarar a Twitter a ƙarshen 2018 kuma shugaban kamfanin, Elon Musk, ya amsa masa cewa za a yi. Na daɗe ina amfani da shi a motata ƙirar Model Y tare da karena baƙi, jinsin Labrador, wanda shekaru suka fara kamawa, kuma ra'ayina shi ne tsarin yana cika alkawarin da ya ɗauka, sai dai alkawarin bai kai girman da masu yabonsa suke ba shi ba.

Kafin a auna darajar tsarin, ya kamata a san girman haɗarin da aka yi shi dominsa. Hasken rana yana ratsa gilashi ya sauka a kan kujeru da allon gaban direba, su kuma su ɗauki zafin su riƙa sakinsa a cikin motar da ba ta da mafitar iska. Wani bincike da masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka buga a 2005 ya nuna cewa a ranar da sararin sama yake tangaran, zafin cikin mota yakan ƙaru da kimanin digiri 22 a ma'aunin Salshiyos cikin sa'a guda, kashi 80 cikin ɗari na ƙarin yana aukuwa a rabin sa'ar farko, kuma sassauta gilashin taga kaɗan bai kawo wani sauyi na a zo a gani ba. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA takan maimaita wannan lissafi a kowace bazara: idan zafin waje ya kai digiri 22, na cikin mota zai iya kaiwa 47 cikin sa'a ɗaya. Digiri 22 kuwa yanayi ne da wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri zai nemi rigar sanyi a cikinsa, shi ya sa yake yaudarar mutane.

Shi kare ba ya gumi a jikinsa kamar mutum, in ban da ɗan abin da yake fita a tafin ƙafarsa. Da haki yake rage zafi, wato ya buɗe baki ya zaro harshe domin danshin bakinsa da na hanyar numfashinsa ya tashi ya tafi da zafin, kuma wannan dabara tana rasa ƙarfi idan iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya haura 41 kuwa an shiga halin da ƙoda, hanta da ƙwaƙwalwa suke iya lalacewa. Karnuka masu gajeren hanci irin bulldog da pug, da tsofaffi, da masu ƙiba, su ne suka fi saurin faɗawa cikin wannan hali.

Kunna tsarin ba shi da wuya. Bayan an tsayar da mota, sai a taɓa alamar yanayin iska a ƙasan allo, a zaɓi Dog, a saita ma'aunin da ake so, ni dai nakan bar shi a digiri 20, sannan a fita a kulle. Na'urar sanyaya iska za ta ci gaba da aiki da wutar babban batirin motar, babban allon da yake tsakiya kuma zai nuna zanen kare da rubutun da yake sanar da masu wucewa cewa direba yana dawowa ba da jimawa ba, tare da ma'aunin zafin cikin motar da manyan lambobi. Tsarin ba ya kamawa sai cajin batir ya haura kashi 20 cikin ɗari, kuma idan cajin ya sauka ƙasa da haka alhali kare yana ciki, manhajar Tesla takan riƙa aiko da saƙo a waya tana tunatar da mai motar ya koma. Ba ya kamawa kuma idan cikin motar ya riga ya yi zafi sosai ko motar ta gano matsala a na'urar sanyayawar, kuma yayin da yake aiki maɓallan taga ba sa sauke gilashi, don haka ko kare ya taka su da ƙafa babu abin da zai faru. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne, amma duk wanda ya ga yadda kare yake ɗora ƙafafunsa na gaba a jikin ƙofa idan ya hango mai shi ya san amfaninsa.

Babban abin da ya fifita wannan tsari a kan sauran dabaru shi ne motar lantarki ba ta buƙatar inji ya riƙa juyawa kafin ta sanyaya ciki. Mai motar fetur da ya bar injinsa a kunne ya tafi ya saɓa wa ƙa'ida ta 123 ta dokokin hanya na Birtaniya, wadda ta hana barin mota ba kowa alhali inji yana aiki, ga kuma fargabar ɓarawo, ga hayaƙi, ga yiwuwar injin ya mutu shi kaɗai na'urar ta koma hura iska mai zafi. A nan kuwa motar a kulle take, shiru take in ban da ƙarar fanka, kuma tsayawar rabin sa'a, a iya abin da na lura, ba ta cin fiye da kashi ɗaya ko biyu na caji. Sauran kayan da ake sayarwa domin wannan buƙata, kamar shimfiɗar sanyi mai ruwan gel, da ragar da ake maƙalawa a taga, da ƙaramar fankar da ake rataya a keji, duk suna rage wa kare wahala a lokacin tafiya, amma babu ɗaya daga cikinsu da yake fitar da zafi daga mota. Na taɓa sayen irin wannan shimfiɗa daga wani kanti, kuma tana da sanyi a taɓawar farko, amma da zarar kare ya jima a kanta sai ta ɗauki ɗumin jikinsa, ya tashi ya koma kan kujera.

A ƙarshen 2022 kamfanin ya ƙara damar kallon cikin motar kai tsaye ta waya, ta hanyar kyamarar da take saman madubin tsakiya, kuma wannan ne ya sa na ƙara amincewa da tsarin, domin lamba a allo ba ta faɗin halin da dabba take ciki. Abin da nake dubawa shi ne bakin karen da ƙirjinsa. Idan ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan ƙafafunsa, bakinsa a rufe, ƙirjinsa yana tashi yana sauka a hankali, to lafiya lau yake. Idan kuwa ya miƙe yana kai kawo tsakanin tagogi biyu, harshe a waje yana dalala, to ko da allon yana nuna digiri 20 nakan bar layin da nake bi in koma, domin firgita ita ma tana ɗaga zafin jikin kare, kuma akwai karnukan da ba su jure kaɗaici ko na minti biyar. Sai dai wannan kallo yana cikin abubuwan da ake biya wa kuɗin wata-wata na Premium Connectivity, wato ƙarin sabis ɗin intanet na motar, abin da nake ganin bai dace ba ga abu mai alaƙa da tsaron rai.

Rubutun allon ma yana da nasa aikin, domin a wannan ƙasa mutane ba sa ganin kare a mota su wuce. Shawarar RSPCA ga duk wanda ya ga kare cikin wahala a mota mai zafi ita ce ya kira lambar gaggawa ta 999, kuma dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ba da damar gurfanar da mai karen. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma, tun daga farkon 2017 doka ta ba mai wucewa kariya idan ya fasa gilashi domin ceton dabba, muddin ya cika wasu sharuɗɗa da suka haɗa da kiran hukuma tukuna. Na taɓa hango wata dattijuwa daga ƙofar wani wurin hutawa ta nufi motata da sauri, ta kare fuskarta da tafin hannu ta leƙa, ta karanta allon, ta ɗora bayan hannunta a kan gilashin domin ta ji ko da sanyi, sannan ta yi wa karen magana ta tafi. Amma ba kowa ne zai yi haƙurin leƙawa ta tagar gaba ba, musamman idan kare yana can baya yana haushi, saboda haka ƙaramar takarda da lambar waya a jikin tagar baya ba ta da laifi.

A nan ne ya kamata a yi maganar iyakar tsarin, kuma shi kansa littafin motar bai ɓoye ta ba, domin ya gargaɗi mai mota da kada ya bar dabba na dogon lokaci, ya riƙa duba ma'aunin, ya tabbatar wayarsa tana da sabis kuma yana da lokacin da zai iya dawowa. Komai na kariyar ya rataya ne a kan abubuwa uku da suke iya yankewa ba sanarwa: na'urar sanyayawa, manhajar motar, da sabis ɗin waya a ɓangaren motar da na mai ita. A watan Yulin 2019 wani mai mota a birnin Seattle ya bayyana a fili cewa idan an saita fanka da hannu kafin a kunna tsarin, na'urar sanyayawar ba ta tashi, kuma ya tarar da karensa cikin zafi. Kamfanin ya gyara kuskuren cikin 'yan kwanaki, wanda abin a yaba ne, amma labarin ya nuna irin abin da yake iya faruwa da duk kayan da manhaja take sarrafawa. Idan na'urar ta tsaya da tsakar rana, motar da take da rufin gilashi irin Model 3 da Model Y za ta koma kamar tanderun gasa gurasa cikin ɗan lokaci, kuma saƙon da ya shigo wayar da take cikin jaka, ko a cikin ginin da sabis ba ya shiga, ba zai buɗe ƙofa ba. A ranar 19 ga Yulin 2022, lokacin da aka auna digiri 40.3 a ƙauyen Coningsby na Ingila, zafi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Birtaniya, babu tsarin da ya isa hujjar barin kare shi kaɗai a filin ajiye motoci.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata sabon mai motar ya kiyaye. Tesla tana da wani tsari dabam mai suna Cabin Overheat Protection, wanda aikinsa shi ne hana cikin mota wuce wani ma'auni, wanda a asali digiri 40 ne, kuma shi ba a yi shi domin a bar mai rai a ciki ba. Haka nan Dog Mode ba na yara ba ne ta kowace fuska, kuma kamfanin ya faɗi haka ƙarara.

Saboda waɗannan dalilai, yadda nake amfani da shi ya tsaya a kan 'yan ƙa'idoji da ba na sassautawa. Ina neman inuwa ko da tsarin yana aiki, ina sa mayafin rufin gilashi a lokacin bazara, ina ajiye ruwa a kwanon da ba ya zubewa, ina tsayawa a bakin motar har in ji iska mai sanyi tana fita in ga rubutun ya bayyana a allo, kuma ba na zuwa inda ba zan iya dawowa cikin minti biyu ko uku ba. Kafin a shiga gini nakan fito da karen ya yi fitsari ya sha ruwa, domin karen da ya huta ya fi saurin kwanciya. Idan kuma aka yi rashin sa'a kare ya galabaita, yana haki ba ƙaƙƙautawa, dasashinsa ya yi ja sosai, yana tangaɗi ko amai, shawarar Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal Veterinary College ita ce a fara sanyaya shi kafin a ɗauke shi zuwa asibiti: a kwarara masa ruwa mai sanyi, a sa masa iskar fanka ko ta na'urar mota, kuma kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, domin tawul yana riƙe zafin.

Ba zan ba kowa shawarar sayen mota mai tsada irin wannan saboda kare kawai ba, kuma ba Tesla kaɗai take da irin tsarin ba yanzu, domin kamfanin Rivian ma yana da nasa mai suna Pet Comfort. Wanda yake tuƙa motar fetur, ko a nan ko a hanyar Kano zuwa Kaduna a watan Afrilu, abin da ya fi masa shi ne ya yi tafiyar da sassafe, ya tafi da abokin tafiya da zai fito da karen inuwa yayin da shi ya shiga gini. Ga wanda ya riga ya mallaki motar kuwa, Dog Mode ya wadatar da tsayawar salla, kewayawa da sayen abinci, kuma a wannan iyakar ban ga abin da ya kai shi ba. Abin da nake fatan a ƙara masa shi ne irin kariyar da ake sa wa motocin karnukan 'yan sanda a Amurka, inda na'ura takan sauke gilasan baya, ta kunna fanka, ta danna ham da kanta idan zafin ciki ya wuce ƙima, ta yadda duk wanda yake kusa zai iya kawo ɗauki tun kafin mai motar ya ga saƙon da aka aiko masa.