Neman Asalin Kakan da Ya Riƙe Mashaya a Ingila: Inda Ya Dace Mutum Ya Sa Kuɗinsa

'Yata ce ta tayar da maganar wata ranar Asabar bayan mun idar da sallar la'asar. Ta ce, "Baba, danginka na Katsina kana jero su har kakanni bakwai ba tare da ka duba takarda ba, amma na wajen Mama ba mu san kowa ba daga Kaka zuwa sama." Mahaifiyarta Baturiya ce 'yar gundumar Lesta, kuma abin da danginta suka riƙe na labarin magabatansu bai wuce magana guda ba, wai kakan kakarta ya taɓa riƙe mashaya a wani ƙauye, sunan mashayar Red Lion. Giya haramun ce gare ni da 'ya'yana, amma jinin mutumin nan yana jikinsu, kuma haƙƙinsu ne su san daga inda suka fito. Na shafe shekara uku ina bin sawunsa, na biya kuɗi a inda ya cancanta da inda bai cancanta ba, shi ya sa nake so in sauƙaƙa wa 'yan uwana masu surukai ko jikoki a Birtaniya.

Kafin a sayi komai, ya kamata a san abin da ake nema. Mai mashaya a Ingila ya fi manomi ko lebura barin takardu a bayansa, saboda tun 1552 doka ta tilasta masa neman lasisi daga alƙalan yankinsa, daga 1753 kuma aka wajabta wa magatakardan kotu ajiye rajistar masu lasisin da masu tsaya musu. Sai dai akwai wani giɓi da ke rikita mutane da yawa. A 1830 aka yi dokar da ta ba duk mai biyan harajin gida damar sayar da giyar biya a gidansa idan ya biya gini biyu, wato fam biyu da sule biyu, a ofishin haraji, ba tare da ya je gaban alƙali ba. Dubban irin waɗannan ƙananan mashaya suka buɗe, kuma ba su koma ƙarƙashin ikon alƙalai ba sai a 1869, sannan dokar 1872 ta kawo rajistar lasisi mai tsari wadda ke nuna sunan gida da mai lasisi da mai ginin. Kalmomin da za a ci karo da su a takardun su ne publican, da innkeeper, da licensed victualler, da beer retailer, kuma na ƙarshen nan shi ne mai ƙaramar mashayar da dokar 1830 ta haifar.

Idan shafin intanet ɗaya kawai na binciken asali mutum zai iya biya, ni Findmypast zan ce ya biya, kuma ya ɗauki matakin da ya haɗa da tsofaffin jaridu. Dalilina shi ne mai mashaya mutum ne da jarida ba ta rabuwa da shi. Kamfanin ne ke haɗin gwiwa da Babban Laburaren Birtaniya wajen ɗora tsofaffin jaridu a intanet tun 2011 a ƙarƙashin sunan British Newspaper Archive, kuma jaridun garuruwa na ƙarni na 19 ba su bar komai ba. Suna buga zaman kotun shekara-shekara na sabunta lasisi, da zaman mayar da lasisi daga hannun wani zuwa na wani, da tarar da aka ci wanda ya buɗe a lokacin da aka hana, da gwanjon gonaki da ake yi a zauren mashaya, har da binciken musabbabin mutuwa, wanda a ƙauyuka galibi a mashaya ake zamansa don ita ce ke da ɗaki mai faɗi. A nan na fara ganin mutumin da nake nema a matsayin mutum mai rai. Layi shida ne kacal a wata jaridar Lesta ta 1874, an ci shi tara saboda an tarar da mutum biyu suna sha a ɗakin girkinsa ranar Lahadi da safe, shi kuma ya shaida wa kotu cewa matafiya ne da suka taso daga nesa, alƙalai ba su yarda ba. Na karanta wa iyalina wannan labarin a kan teburin cin abinci, matata ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta nemi in sake karantawa.

Abu na biyu da ya ɗaure ni ga wannan shafin shi ne ƙidayar jama'a. Ana yin ta duk bayan shekara goma tun daga 1841 da sunayen mutane a ciki, kuma ba a sakin ta sai ta cika shekara ɗari. Ta 1841 tana rage shekarun manya zuwa adadin da biyar ke iya rabawa daidai, saboda haka kada a dogara da ita wajen lissafin haihuwa. Ta 1911 kuwa da rubutun hannun maigidan kansa ake ganin ta. Ta 1921, wadda Findmypast ya fara fitarwa a watan Janairun 2022, tana nuna sunan wanda mutum yake yi wa aiki da wurin aikin, abin da ke taimakawa a gane ko mai mashayar haya yake yi a hannun kamfanin giya. Bayan ita sai rajistar da aka ɗauka ranar 29 ga Satumba 1939, domin ƙidayar 1931 ta Ingila da Wales ta ƙone a gobara a 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana a yi. A ƙidayar 1871 na tarar da kakan an rubuta shi da sana'a biyu, saƙar safa da sayar da biya, ba Red Lion ba kowace alama, wanda ya nuna cewa daga ƙaramin gida ya faro. Sai a ta 1881 sunan mashayar ya bayyana a gefen sunansa.

A cikin sauran shafukan da ake biya, Ancestry ya fi kowa yawan masu amfani, yana da rajistocin coci na Landan masu yawa da wasu kundayen lasisi na yammacin Yokshaya da Surrey, don haka wanda kakansa daga can yake ya fara da shi. TheGenealogist ya yi fice wajen taswirorin filaye, yana da amfani idan ginin kansa ake son ganowa. MyHeritage na masu dangi a sauran ƙasashen Turai ne. Gwajin ƙwayar halitta da ake tofa yawu a kwalba kuwa ba zai gaya maka wanda ya riƙe lasisi ba.

Akwai abubuwan da ba sai an biya ko kwabo ba, kuma da na san su da wuri da na rage asara. FamilySearch kyauta ne. FreeBMD yana da jerin haihuwa da aure da mutuwa tun daga 1837, shekarar da gwamnati ta fara rajistarsu a Ingila da Wales. Jami'ar Lesta ta ɗora tsofaffin littattafan adireshin 'yan kasuwa, irin su Kelly, inda ake jera mashaya da sunan mai riƙe da ita. London Gazette, jaridar sanarwar gwamnati, tana nuna waɗanda suka karye a kasuwanci, kuma masu mashaya suna da yawa a cikinsu. Laburaren Ƙasa na Sukotlan yana da tsofaffin taswirori na Ingila ma, inda haruffan P.H. ke nuna mashaya mai cikakken lasisi, B.H. kuma ƙaramar ta biya. Ga wanda ke zaune a Birtaniya, laburaren unguwa da yawa suna ba da damar shiga Ancestry ko Findmypast a kwamfutarsu da katin laburare kawai. Amma rajistar lasisin kanta galibi ba ta intanet, tana ofishin adana tarihi na gunduma, kuma kundin bincike na Discovery na Rumbun Tarihin Ƙasa da ke Kew shi ke nuna ofishin da take. Ranar da ma'aikaciyar ofishin gundumarsu ta ɗora mini littafin a kan matashi, mai bangon fata da ya fara ɓarewa, na bi layin da fensir a hannuna har na kai 1893, inda aka ja layi a kan sunan kakan aka rubuta na matarsa a sama da jan tawada. Ta haka muka san shekarar rasuwarsa, muka kuma san cewa matar ce ta ci gaba da riƙe gidan, kamar yadda zawarawa da yawa suka yi a wancan zamani.

Ma'aunin da nake auna kowane shafi da shi yanzu guda ɗaya ne, ko zai nuna mini hoton ainihin takardar ko kuwa abin da wani ya kwafa ne kawai. Wannan ma'aunin da tsada na saye shi. A shekarar farko, kafin in san ko ɗaya daga cikin abubuwan da na zayyana, na ga tallar wani mutum a dandalin sada zumunta yana cewa shi masanin salsala ne, kuma zai kai duk dangin Ingila zuwa ƙarni na 16 cikin mako biyu. Na tura masa rabin kuɗi, ya turo samfuri, na cika saura. Abin da ya kawo ya yi kyau a ido, bishiyar zuriya mai kakanni goma sha ɗaya, da hoton Red Lion da mutum a tsaye a bakin ƙofa sanye da tufafin aiki, da wata takardar lasisi ta 1862 mai hatimin alƙalai, da tambarin dangi mai zaki da garkuwa. Muka sa wa hoton firam muka kai wa surukata, wadda a lokacin ta haura shekara tamanin, ta rungume shi tana hawaye. Har yau wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo, domin ta rasu tana ganin fuskar baƙo a matsayin kakanta.

Sai da na koyi aikin da kaina na gane yadda aka yi mini. Hoton katin gaisuwa ne na wata Red Lion da ke wata gunduma dabam, kuma da na sa shi a manhajar neman hoto nan take ya fito a shafin masu sayar da tsofaffin katuna. Sunan Red Lion yana cikin sunayen mashaya da suka fi yawa a Birtaniya, akwai ɗaruruwansu, haka ma Crown da Royal Oak, don haka duk wanda ya ba ka hoto ba tare da sunan titi da ƙauye da za a iya gwadawa da taswira ba, bai ba ka komai ba. Takardar lasisin kuma ita ta tona kanta, domin a 1862 kakan bai wuce mai sayar da biya ba, kuma irinsu a lokacin ofishin haraji ke ba su lasisi, alƙalai ba su da hannu. Tambarin dangi ƙarya ce tun daga tushe, saboda a Ingila hukumar College of Arms mutum guda take ba wa tambari, shi da magadansa, ba kowa da ke da suna iri ɗaya ba. Bishiyar kuwa kwafo ta ya yi daga bishiyoyin da jama'a ke ɗorawa a intanet, har da wata mata da aka ce ta haihu tana da shekara sittin da ɗaya.

Waɗannan bishiyoyin jama'a su ne haɗarin da ya fi yaɗuwa, kuma ba sai da mugun nufi ba. Mutum ɗaya ya yi kuskure, mutum hamsin su kwafa, sai yawan masu faɗa ya sa abin ya yi kama da gaskiya. Kada a karɓi ko suna ɗaya daga cikinsu sai an ga takardar da ta tabbatar da shi, kuma takardar aure ko ta mutuwa a saye ta kai tsaye daga ofishin rajista na gwamnati, domin akwai shafukan dillalai da ke kama da na gwamnati suna ninka farashi a kan takarda guda. Haka nan gwajin kyauta na 'yan kwanaki da shafuka ke bayarwa yakan nemi lambar kati tun farko, idan ba a soke ba sai a cire kuɗi, saboda haka a rubuta ranar a kalanda, kuma a fara da biyan wata guda kafin a ɗauki na shekara. Wanda ke biya daga Najeriya ko Nijar ya lura da wannan sosai, tunda da kuɗin waje za a cire.

Idan dole sai an ɗauki mai bincike, musamman ga wanda ba zai iya zuwa ofishin gunduma da ƙafarsa ba, a duba jerin mambobin AGRA, ƙungiyar masu wannan sana'a da aka kafa a 1968, wadda ke tantance aikin mutum kafin ta karɓe shi. Mai gaskiya awa yake sayarwa, ba ya alkawarin adadin kakanni, kuma yakan faɗa tun farko cewa mai yiwuwa a yi aikin a tashi ba a samu komai ba. A nemi ya rubuta lambar ajiya ta kowace takarda da sunan ofishin da take, sannan a ɗauki lamba ɗaya a aika wa ofishin a tambaya ko akwai ta. Da na aika da lambar da ke jikin takardar lasisin 1862, amsar da ta zo bayan kwana huɗu ita ce ba su da kundi mai irin wannan lambar, kuma tsarin lambobinsu ma ba haka yake ba.